Hutun ma'aikaci: haƙƙi ne ko alfarmar maigida?

Ɗan Dakata: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masana doka da kuma iyayenmu masu ɗaukar mutane aiki. Ƙanena yana aiki a wani kamfanin leda a Sharaɗa a nan Kano, shiga bakwai na safe, fita bakwai na yamma, sati ya zagayo a mayar da shi aikin dare. Minti 20 ake ba su da rana, a ciki za a yi alwala, a yi azahar, a ci abinci. La'asar kuwa sai wani ya tsare maka inji ka yi ta a gurguje. Yana cikin shekara ta biyu, ba a taɓa ce masa ga hutun shekara ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, aka zaftare kuɗin kwanakin daga albashinsa. Shin doka ta ce wani abu, ko kuwa duk yadda mai kamfani ya ga dama shi ke nan?

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Ai ƙanenka ya ma yi sa'a da yake samun minti 20. Ka zo Tokarawa ka sha kallo.

Barista: Wa alaikumus salam. Doka ta yi magana, a fili ma kuwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka yi tun zamanin Gowon aka sake tattara ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004, a sashe na 13 ta ce duk wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Ana iya ba shi a dunƙule, ana iya rarraba shi. Kuma ta fayyace cewa lokaci ne da aka yanke tun farko, wanda ma'aikaci zai yi abin da ya so da shi, ba dole ya zauna a wurin aikin ba. To ka ga minti 20 a cikin awa 12 ko kusa bai kai ba.

Sashen ya kuma ce a kowane kwana bakwai akwai hutun kwana ɗaya, awa 24 a jere. In aka taɓa wannan ranar, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Hutun shekara yana sashe na 18: wanda ya cika wata 12 a jere yana da aƙalla ranakun aiki shida da cikakken albashi. Ana iya ɗage shi in an yi yarjejeniya, amma kada a wuce wata 24. Maganar rashin lafiya tana sashe na 16, har ranakun aiki 12 a shekara da albashi, da sharaɗin takardar likita mai rajista. A nan mutanenmu suke faɗuwa. Zazzaɓi ya kama mutum, ya je kemis a yi masa allura, ya dawo hannu rabbana. Ɗan Dakata, ƙanen naka asibiti ya je?

Ɗan Dakata: Kemis ɗin unguwa ya je, ranka ya daɗe.

Barista: To kuɗin kwana ukun nan zai yi wuyar dawowa. Sauran kuwa haƙƙinsa ne tsaf.

Kwamared: Kwana shida a shekara! Ku dubi wannan abin kunya. Ma'aikacin gwamnatin tarayya daga mataki na 7 zuwa sama kwana 30 yake tafiya, shi da ke zaune ƙarƙashin fanka. Wanda ke tsaye gaban narkakkiyar roba shi ne mai kwana shida, su ma ba a ba shi. Ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sati uku ne. Abin da ya fi ƙona min rai, Barista zai gaskata ni, tarar wanda ya karya dokar hutun nan naira 800 ce. Yau naira 800 ko kwanon shinkafa da wake ba za ta saya maka ba a bakin kamfanin. Wane mai kamfani ne zai ji tsoro?

Kuma a Kano ake wannan. Garin da gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta biyo baya a 1981. Mu muka koya wa ƙasar nan, yau mu ne a baya.

Barista: Tarar haka take, Kwamared. Sai dai yanzu ba ita ce abin tsoron ba, kotun ma'aikata ce. Zan zo kanta.

Alhajin Kwari: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni ban san kamfani ba, amma kada a ɗauko dokar Turawa a shigo mana da ita kasuwa. Yara bakwai ne a hannuna. Ba na kiransu ma'aikata, 'ya'yana ne. Abincin rana nawa, kuɗin mota nawa, ɗinkin sallah nawa, in uwar ɗayansu ta kwanta ni ake bugo wa waya. Biyu na yi musu aure, uku na sallame su da jari, yau suna da nasu shagon. Wace doka ce ta ce in yi haka? In aka ce mu bi takarda, to mu bi ta duka: in ba shi awa ɗayansa da kwana shidansa, ranar da ya tashi aure ya je takardar ta yi masa lefe.

Baban Walida: Alhaji ya zo da zafinsa.

Tsohon Yaron Kanti: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri a kan abin da kake yi. Amma ba kowane maigida ba ne kai. Ni shekara tara na yi a hannun wani, ba zan faɗi kasuwar ba. Ni ke buɗe shago, ni ke rufewa, ranar da ba a fito kasuwa ba ina gidansa ina kai yara islamiyya ina wanke mota. Hutuna ɗaya a wata, safiyar Asabar ɗin tsaftar muhalli, ita ma don an hana zirga-zirga ne. Duk na haƙura saboda ana cewa za a sallame ni. Da ya rasu, magada suka ce ba su san da wannan magana ba. Wa zan kai ƙara? Me zan nuna? Wanda ka yi wa aure ya dace. Wanda bai dace ba fa, shekarunsa sun tafi ke nan?

Alhajin Kwari: Wannan zalunci ne, kuma magadan za su amsa a gaban Allah. Amma laifin mutane ne, ba laifin tsarin ba.

Kwamared: Tsarin da sai maigida ya kasance mutumin kirki kuma ya yi tsawon rai kafin yaro ya ga haƙƙinsa, Alhaji, akwai gyara a cikinsa.

Malam Na Ƙofar Mata: Bismillah. Alhaji, ina so in ɗan taɓa kalmarka ta "dokar Turawa", cikin girmamawa. Yanke sharaɗi tun farko ba Bature ya kawo mana ba. Malaman fiƙihu a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, sun shardanta a san lada, a san aikin ko a san wa'adinsa, in ba haka ba ƙullin yana da garari, wato rashin tabbas. Ka duba Suratul Ƙasas, lokacin da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki. Ya faɗi wa'adi ƙarara, shekara takwas, in ka cika goma to daga gare ka ne. Sannan ya ƙara da cewa ba ya son ya tsananta masa. Surukinsa ne fa zai zama, amma kusancin bai hana a faɗi adadi ba. Mu kuwa sai mu ce wa yaro "zauna dai, Allah zai yi", shekara ta bi shekara.

Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim kuma ya ce waɗanda ke ƙarƙashinku 'yan'uwanku ne, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taya su. Kyautar da kake yi musu ihsani ce, Allah ya karɓa. Amma ihsani a kan adalci ake ɗora shi. Ba a hana mutum barcinsa da ranar ganin iyayensa sannan a ce ai an yi masa ɗinkin sallah.

Ɗaya ɓangaren kuma, don kada a ce na karkata: ma'aikacin da aka ba lokacin salla ya tafi ya yi awa ɗaya da rabi yana hira a bakin masallaci, shi ma ya ci haƙƙi. Lokacin nan an saye shi.

Alhajin Kwari: Yawwa Malam, gara da ka faɗi wannan. Akwai wanda in ya tafi azahar sai ka aika a nemo shi a wurin mai shayi.

Injiniya Bompai: Bari in yi magana a matsayin wanda ke kula da masu aiki a kan inji, ko da za a jefe ni. Injin da ke narka roba ba a kashe shi don a tafi cin abinci. In ya huce, kayan da ke cikinsa sun daskare, sai an ɓata lokaci da wuta kafin ya dawo daidai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka kuma ƙara kuɗin wuta a Afrilun 2024, kowane mai masana'anta lissafin minti yake yi. Masana'antu nawa ne suka rufe a Bompai da Sharaɗa da Chalawa? Ku zagaya ku ga gine-ginen da suka koma rumbun ajiya. Ba ina kare minti 20 ba ne. Ina cewa abin ba mugunta ce zalla ba.

Kwamared: Injiniya, ba wanda ya ce a kashe inji. A ɗauki mutum biyu ko uku masu karɓar wuri, wannan ya fita wancan ya shiga. Da can ai haka ake yi a masaƙu, kashi uku, awa takwas takwas. Aka mayar da shi kashi biyu na awa 12 don a cinye albashin kashi na ukun. Kuma kai ka fi ni sanin ƙarfe nawa inji ya fi cin yatsun mutane. Ba da farar safiya ba ne.

Injiniya Bompai: Wannan gaskiya ne. Wajen asuba ne, da kuma ƙarshen aikin rana. Na sha faɗa wa manya cewa kuɗin jinyar hannu ɗaya da tsayawar aiki sun fi albashin mai karɓar wuri. Wani lokaci su ji, wani lokaci su ce in bari sai kasuwa ta gyaru.

Barista: Dokar ma ta san da irin aikinku, Injiniya. Ta yarda cewa inda yanayin aiki ya tilasta, a ba mutum lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi maimakon ya fita. Amma a sashen dai ta ce aikin da ke haɗe da inji, mai gajiyarwa ba ƙaƙƙautawa, sai an riƙa ba mai yinsa gajerun hutu a tsakani. Wato mai inji ƙarin kariya aka yi masa. Inda dokar ta yi sakaci shi ne ba ta yanke yawan awannin aiki a rana ga baligi ba, ta bar shi ga yarjejeniya ko ciniki da ƙungiya. Ba ta kuma faɗi nawa ne kuɗin ƙarin lokaci ba. Shi ya sa awa 12 ita kanta ba za ka ce haramun ce kai tsaye ba, sai ka ga me aka rubuta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ne aka ce kada ya wuce awa huɗu a jere, kada ya wuce takwas a rana.

Anti Nas: Ku tuna abin da ya faru a 2020 lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Chalawa, an rufe su kusan wata uku suna aiki ba fita. Ba rana ɗaya aka kai ga haka ba. Wanda ya saba hana awa ɗaya bai ga an tanka ba, shi ne wata rana zai sa kwaɗo a ƙofa.

Maman Haidar: Don Allah a ba mata dama su ma. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi, shekara huɗu. Da na zo haihuwa, mai makarantar ta ce sati uku za ta iya ba ni, in kuma ina son in yi arba'in to in kawo wadda za ta riƙe min aji in biya ta daga albashina. Haka na yi. Ina wankan jego ina lissafin abin da zai rage min. Na dawo da jariri, babu inda zan ajiye shi, sai a ofishin mai shara, ina jin kukansa daga aji. Ga shi kuma watan Agusta ba a biyanmu, wai ba a aiki. Barista, mu ba mu da komai a dokar?

Barista: Kuna da shi, Malama, sashe na 54. Sati shida kafin haihuwa in likita ya ba da takarda, sati shida bayan haihuwa, jimilla 12. Na bayan haihuwar ma cewa aka yi ba a yarda ta yi aiki ba, ko da ita ta so. In ta yi wata shida tana aiki a wurin, a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki. Kuma ba a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutun.

Amma akwai wani ƙulli da ya kamata ki sani. Sashe na 91 da ya fassara wane ne ma'aikaci ya fi karkata ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa. Lauyan makaranta zai iya tashi ya ce malama ƙwararriya ce, dokar ba ta hau kanta ba, a duba takardar ɗaukarta aiki. Amsar da za mu ba shi ita ce, tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya kawo sashe na 254C, kotun ma'aikata tana da ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma ma'aunin da duniya ta amince da shi, kuma ta taɓa yanke hukunci a kan masu korar mace saboda ciki. Kotun tana da reshe a nan Kano. Maganar Agusta kuwa, in albashin wata-wata aka ɗauke ki babu inda aka rubuta ban da lokacin hutu, kina da abin faɗa.

Maman Haidar: Babu abin da aka rubuta. Da baki aka ce in fara ranar Litinin.

Hajiya Mai Makaranta: Ni ba ni ce mai makarantar Maman Haidar ba, kada a harare ni, amma ina da ƙaramar makaranta, malamai 14, goma sha ɗaya mata. Bara uku suka haihu a zango ɗaya. Ku gaya min yadda zan yi. Iyaye ba sa biyan kuɗin Agusta, na zangon da aka yi ma sai an bi su har gida. In na ƙara kuɗin makaranta su kwashe yaran. Ina ba da sati takwas da rabin albashi, kuma wallahi sai na ci bashi nake cikawa. A wasu ƙasashen asusu ake da shi wanda kowa ke zubawa, shi ke biyan mai jego. Mu nan an jibga wa mai wurin aiki shi kaɗai. Sakamakon da ba a son faɗa shi ne, masu makarantu da yawa in sun ga amarya sai su ce babu gurbi.

Anti Nas: Hajiya, wannan magana taki ta asusu ita ce magana. Amma sati takwas ɗin a daure a kai 12. Muna gaya wa uwa ta ba da nono zalla wata shida, sannan wurin aikinta ya ce ta dawo bayan sati uku, wa za ta bi? Gwamnatin tarayya sati 16 take ba ma'aikatanta, ta kuma amince da kwana 14 ga uba a 2021. Legas wata shida tun 2014, Kaduna ma ta koma wata shida a 2019. Duk na ma'aikatan gwamnati ne. Ita mai koyarwa a makarantar unguwa, da mai sayar da magani a kanti, da mai tuya a gidan abinci, jikinsu ba irin na sauran mata ba ne?

Hajiya Mai Makaranta: Abin da na iya yi shi ne na ware ɗaki ɗaya da tabarma da mai raino, malamai suna haɗa mata ɗan wani abu ina cikawa. Tun daga nan ba wadda ta ajiye min aiki saboda goyo. Sati 12 kuwa, zan duba, ban yi alkawari ba.

Baban Walida: Kwana 14 na uba ni ya tsaya min a rai. Mu ranar suna ma sai ka roƙa, a ce ka dawo kafin azahar.

Ɗan Sabon Gari: Ina bin ku tun ɗazu. Ni Kirista ne, a Kano aka haife ni, ina aiki a gidan mai. Abin da muke yi da abokan aikina Musulmi shi ne ni nake tsare famfo ranar Juma'a su tafi masallaci, su kuma su tsare min safiyar Lahadi. Da sallah ni ke nan, da Kirsimeti su ke nan. Manaja bai taɓa sa baki ba. Tambayata, wannan musanyar da muke yi ita ce ranar hutun da doka ta ce, ko daban take?

Barista: Daban take. Awa uku na zuwa coci ko masallaci ba su zama awa 24 a jere ba. Dokar ba ta ambaci Juma'a ko Lahadi ba, cewa ta yi kwana ɗaya cikin bakwai, ko Talata ce. Haka kuma ba ta ambaci lokacin salla da sunansa ba. Abin da mutum zai riƙe shi ne awa ɗayan nan da aka yarda a rarraba, a ce minti 40 da azahar, 20 da la'asar, sai kuma 'yancin addini da ke sashe na 38 na tsarin mulki.

Malam Na Ƙofar Mata: Juma'a kam ga Musulmi mai wurin aiki babu ciniki a kanta, ayar ta ce a bar saye da sayarwa. Ɗan Sabon Gari, Allah ya bar zumunci.

Baba Mai Gadi: Ɗana ne yake rubuta min. Ni gadi nake yi a wani gida a Nasarawa, dare da rana, ɗakina a bakin ƙofa. Iyalina suna ƙauye, sai da sallah babba nake zuwa, kwana huɗu. Ni ma ina cikin masu kwana ɗaya a sati?

Barista: Baba, ina jin nauyin amsar nan. Wanda aka ɗauka aiki a gida, ba don kasuwancin maigidan ba, fassarar dokar ta bar shi a waje. Mai gadin gida, direban gida, 'yar aiki, duk haka. Da kamfanin tsaro ne ya ɗauke ka ya turo ka gidan, da kai ma'aikacinsa ne, duk abin da na lissafa ya hau kansa. Yanzu abin da ke hannunka shi ne alkawarin da kuka yi da maigidan. Ka samu wani da yake jin nauyinsa, limamin masallacin da yake salla ko wanda ya kawo ka, a zauna a yanke maka kwanaki a wata.

Kwamared: Waɗanda suka fi kowa aiki su ne dokar ta manta da su. Haka mafi ƙarancin albashi, an sa hannu a kan naira 70,000 a 2024, Kano ta ce 71,000, amma wurin da bai kai ma'aikata 25 ba an ɗauke masa. Shagunan Kwari da Singa da Farm Centre nawa ne ke da mutum 25?

Ɗan Dakata: To yanzu a aikace, me ƙanena zai yi? Don in ya buɗe baki, amsar da ake ba su ita ce ga ƙofa nan, akwai mutum ɗari a waje suna jira. Kuma ba kamfanin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, wani ɗan kwangila ne yake kawo su.

Kwamared: Kada ya je shi kaɗai, wannan shi ne na farko. Mutum ɗaya korarsa ake yi kafin la'asar. Su samu ƙungiyar ƙwadagon da ke kula da masana'antun roba, ko su je ofishin jiha na NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, su ce a haɗa su da ita. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano ma yana karɓar koke, yana da jami'an da aikinsu shiga masana'antu ne su duba. Ba na ce za su zo da gudu ba, sai an bi an sake bi. Amma takarda mai hannun mutum 30 ba a jefa ta kwandon shara kamar ta mutum ɗaya.

Barista: Kafin nan ya fara tara shaida. Ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da lokacin shiga da fita. Saƙon banki na albashi kada ya goge. Katin shaida, hoton jadawalin aiki da ake liƙawa, duk ya adana. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin ya wuce wata uku, in ba a ba shi ba laifin mai ɗauka ne, ba ya rushe haƙƙinsa. Zancen ɗan kwangila kuma ba mafaka ba ce kamar yadda suke zato, kotu takan duba wane ne yake ba da umarni a zahiri, wane ne aikin yake yi wa amfani. Kora ma tana da ƙa'ida: wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sanarwar sati ɗaya, daga biyu zuwa biyar sati biyu, biyar zuwa sama wata guda, ko a biya kuɗin madadinta. Na san ba yawa. Kuma ba lallai a kai ga shari'a ba, kotun tana da sashen sulhu.

Maman Haidar: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Abokiyar aikina mijinta ya rasu, takaba wata huɗu da kwana goma. Aka ce ta zaɓa, ko aji ko takaba.

Barista: Dokar Ƙwadago ba ta san takaba ba. Ba ta san zaman makoki ba, ba ta san aikin Hajji ba. Duk waɗannan sai abin da aka rubuta a takardar aiki ko aka saba yi a wurin.

Malam Na Ƙofar Mata: A sanar da ita cewa malamai da yawa sun ba mai takaba damar fita da rana don buƙatar da ba makawa, neman abinci yana ciki, matuƙar za ta kwana a ɗakinta kuma ta bar ado. Kada ta rasa miji ta rasa abin ciyar da marayu. Amma mai makarantar da ta iya furta wa mace "zaɓi" a cikin satin rasuwa, ta binciki zuciyarta.

Hajiya Mai Makaranta: Ni wata guda nake bayarwa da cikakken albashi, daga nan ta riƙa zuwa tana tashi da azahar har ta fita. Barista, in akwai samfurin takardar nan ta sashe na 7 ka turo min ta akwati. Me da me ake sawa?

Barista: Sunan mai ɗauka da na ma'aikaci, ranar farawa, irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu da kuɗinsa, abin da za a yi in rashin lafiya ta zo, da wa'adin sanarwa in za a rabu. Shafi ɗaya ya isa, kuma da Hausa ma ana iya rubutawa. Ki ƙara hutun haihuwa da na takaba tunda kina bayarwa.

Alhajin Kwari: Ni har yanzu ban yarda yarona ma'aikaci ba ne, kuma ba zan ƙirga masa minti ba. Maganar wa'adin sallama dai da Malam ya kawo, ita zan kira 'ya'yan cikina in faɗa a gabansu da shaidu, saboda halin rai.

Tsohon Yaron Kanti: A rubuta, Alhaji. Nawa ma a gaban mutum biyu aka faɗa, ɗaya ya riga maigidan rasuwa, ɗayan ya ce ba ya shiga maganar gado.